Rasuwar Baƙuwa, na'urar da na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne ta daga sama, ni Ciɗo ɗan unguwar Bilbis nake sanar da ma'aikatan wannan cibiya, da ɗaliban da ke zuwa gwaji, da manoman Kalfu da Tebaram waɗanda hotunansu ke hannunta, da duk wanda ya tsaya a ƙofar biro, wato ofishinmu, yana karanta wannan takarda, rasuwar na'urarmu mai ƙwaƙwalwa, wato ordinater, wadda muka fi sani da Baƙuwa. Ta rasu ranar Larabar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, cikin wannan wata na Mayu na 1998, a kan teburinta, a ɗakin da ke kallon yamma, nan Tawa. Tana cikin aiki ajali ya same ta. Ba ta yi doguwar jinya ba, kuma jinyar ce ta kashe ta. Ni ne mai jinyar, kamar yadda kowa a cibiya ya riga ya sani.

Ba wanda ya san shekarunta. Daga wata ƙasa mai sanyi ta zo, cikin kwali, bayan ta ƙare ƙuruciyarta a ofishin wasu mutane da ba mu taɓa gani ba. Su suka ba jami'a ita kyauta, jami'a kuma ta turo ta wannan ƙaramar cibiya tata ta binciken noma da kiwo. Madam Alisabatu, sakatariyarmu, ita ta raɗa mata suna tun ranar da aka buɗe kwalin, don ta ce duk abin da ya zo da bargon soso a jikinsa ba ɗan ƙasarmu ta Adar ba ne. Sunan ya zauna, kuma marigayiya ta riƙe shi har ƙarshe, domin ba ta taɓa sabawa da zafinmu ba.

Ga waɗanda ke ganinta ta taga ba su san aikinta ba, ga shi a taƙaice. Jami'a tana da shafuka a intanet, waɗanda mutum zai iya karantawa daga kowace ƙasa. Shafukan suna zaune cikin wata babbar na'ura a Yamai, kuma an ware wa cibiyarmu ɗakinta a cikin wannan gida. Duk abin da muke so duniya ta gani, rahoton irin hatsi ne, ko hoton rijiya, ko sanarwar taro, Baƙuwa ake ba. Ita ke zuba shi cikin ƙirar da aka tsara, ta sa masa kai da ƙafa, ta ɗaura shi da 'yan'uwansa yadda mai karatu zai bi daga wannan shafi zuwa wancan. Idan shugaban cibiya ya duba ya yarda, sai a sa kalmar sirri, ta kira Yamai ta wayar tarho ta miƙa saƙon. A Tawa, waɗanda suka taɓa ganin shafukan nan da idonsu ba su cika tabarma guda ba. Wannan bai taɓa rage mata himma ba.

Ba zan iya yabon marigayiya ba sai na faɗi yadda ta same ni. Na bar kwaleji a shekarar da yajin aiki ya cinye karatu, ban koma ba. Na yi kabu-kabu da babur ɗin wani. Na sayar da kaset a bakin tasha. Na je Agadas na dawo, na je Ƙonni na dawo, kowane wuri kafin in san sunan maƙwabcina na gaji da shi. Wata rana na ɗauko Mushe Attahir (Mushe shi ne malam a Faransancin bakinmu), shugaban wannan cibiya, na kawo shi biro, na biyo shi ciki don in sha ruwa. Na tarar da wani ma'aikaci da aka turo daga Yamai yana haɗa wayoyin Baƙuwa. Na tsaya kallo. Ban san rana ta karkata ba sai da Mushe ya fito alwala ya gan ni.

Ya ce, "Kai ba ɗan marigayi Malam na Bilbis ba ne, wanda aka ce bai zama wuri guda? Ga shi ka kai la'asar bisa ƙahwa ɗaya."

Washegari na dawo. Lokacin albashi ba ya zuwa kan kari, masu bincike rabi suna gonakinsu, rabi suna taron ƙungiya, Mushe kuma kullum yana daji. Ba mai zama da Baƙuwa. Ma'aikacin Yamai ya koya mini abin da ya iya kafin motarsa ta tashi, saura ita ta koya mini. Bayan wasu watanni Mushe ya kira ni ya faɗa mini kalmar sirrinsa a kunne, alhali ba ni da takardar ɗaukar aiki, ba ni da takardar kammala komai. Shi ya sa hannu ya karɓi na'urar daga jami'a, kuma shi ya ce wa duk mai tambaya, "Na tsaya mashi."

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa tambayata ajin da na tsaya ba. Idan na yi kuskure sai ta ce "tit" a hankali, ba ta ɗaga murya yadda na biro na kusa zai ji. Kafin ta goge komai sai ta tambaye ni ko na tabbata, kuma a rayuwata ita ce ta farko da ta yi mini wannan tambaya tana jiran amsa. Da safe idan an kunna ta takan yi gyaran murya, "gurr, tak, tak", kamar dattijuwar da ke neman takalminta. Idan za ta kira Yamai kuwa sai ta rera waƙarta, "kiiii, kirrr, shhhh", waƙar da ta sa mai gadinmu ya taɓa shigowa da sanda yana neman abin da ya shiga ɗaki.

Mun sha wahalhalu tare, kuma a gabanku zan shaida cewa yawancinsu ba laifinta ba ne. Akwai lokacin da duk mai son rahoton awaki, idan ya taɓa sunan, sai ya faɗa shafin da babu kowa. Na yi ta zarginta, ashe ni ne na canza wa rahoton suna ban gaya wa sauran shafukan ba. Akwai hotunan da suka yi nauyi, waya ta kasa ɗauka, sai da na koyi rage su kamar yadda ake rage wa jaki kaya. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa ba ta taɓa yarda da su ba, ko sunana sai ta sa alamar tambaya a tsakiyarsa, ban kuma riƙe ta da wannan ba. Wani malami yana aiko rubutunsa daga Tebaram a ɗan faifan disket, direban motar kasuwa ya cusa shi cikin jaka ɗaya da cuku, ta karɓa ta karanta ba ta nuna ƙyama ba. Shafin ranakun gwajin ɗalibai mun gyara shi har na daina ƙirgawa, yau an janye yajin aiki, gobe an koma.

Babban abin kunyarmu shi ne na bajimin Kalfu. Mun sa hoton wani dattijo mai daraja na garin kusa da hoton wani bajimin sa na gwaji, sai bayanan da ke ƙarƙashinsu suka yi musaya. Wata guda duniya tana karanta nauyin dattijon da yawan dusar da yake ci. Ɗansa da ke karatu a ƙasar waje shi ya bugo waya, Madam Alisabatu ta ɗauka, ta saurara, ta ajiye, ta shigo ta tsaya a kaina tana riƙe da baki.

Ta ce, "Ciɗo, ku da Baƙuwarka kun ce Alhaji yana da kyan tozo."

Kafin azahar mun gyara. A ranar ta koya mini abin da na riƙe har yau: idan abu ya lalace, ka fara duba abin da hannunka ya taɓa na ƙarshe. Ɗan dattijon ya sake bugowa, ya ce duk da haka ya gode, don rabonsa da ganin fuskar mahaifinsa tun da ya bar gida. Wannan yana cikin ayyukan alherin da marigayiya ta gabatar.

Ciwon ajalinta ya fara da shigowar bazara. Na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe da mutuwa, ba a gyara ba. Fanka ɗaya gare mu, iskar da take kaɗawa kuma kamar ta bakin tanda. Da rana ta take, sai numfashin Baƙuwa ya canza, "fuuu, fuuu", jikinta ya yi zafin da ba a iya barin hannu a kai. Tana cikin aika shafi sai ta sandare, ba gaba ba baya, sai an kashe ta an jira. A daidai lokacin ne masu tallafa wa cibiya suka ce suna son ganin rahotannin bana a shafukanmu kafin damina. Mushe Attahir zai tafi Tebaram wajen rabon iri. Kafin ya shiga mota ya tsaya a ƙofa ya ce mini, "In ta yi zahi, kashe ta ka bari sai marece. Abin da bai tahi yau ba ya tahi gobe. Kada ka yi mata dabara, Ciɗo." Na ce to.

A gida nake zaune da ƙanwar mahaifiyata, Inna Safi, wadda ke sayar da ruwan sanyi a ƙofar gida. Ba ta da firji. Bidunanta, wato jarkokin ruwa, ta ɗinke su cikin buhun garara, ta jiƙa, ta rataye a inuwa inda iska ke bi, ruwan kuma ya yi sanyi har haƙori ya amsa. Haka ake yi tun daga nan har arewa, kowane direba yana da irinsa rataye a jikin mota. Da na dawo ina ƙorafin zafin Baƙuwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Mi ad da wuya nan? Komi ya yi zahi, ɗana, buhu da ruwa."

Ba na ɗora mata laifi. Ba ta taɓa ganin ordinater ba, tsammani take wani irin tulu ne. Ni da na san akwai wuta a ciki, ni na ɗauki buhun.

Na matse shi sosai, na naɗe gefen Baƙuwa da shi, na juyo fanka kanta. Abin da ya fi damuna har yanzu shi ne dabarar ta yi aiki. Jikinta ya huce. Numfashinta ya daidaita. Ran nan ta aika rahotanni cikin tsakar rana ba ta sandare ko sau ɗaya ba. Madam Alisabatu ta shigo da takardu ta ganta sanye da buhu, ta ja da baya.

Ta ce, "Wannan fa ba randa ba ce."

Na ce, "Madam, taɓa ki ji."

Ta taɓa, ta ji sanyi, ta ce, "Na ji. Amma in Mushe ya dawo, ni ban ga komai ba, kuma ban shanya maka buhu ba."

Kwanaki suka tafi haka, girman kai ya shige ni. Na fara tunanin yadda zan bayyana wa na Yamai abin da ba su sani ba. Na daina matse buhun kamar da. Daga gefe na hawar da shi har bisa, inda ƙananan ramukan shan iskarta suke. Kwafin aikin da ya kamata in zuba a disket kowane mako kuma na yi ta cewa gobe.

Ranar Laraba aka ce mini abokina Adamu ya sauka daga Abijan, yana tasha. Tsohon ciwona ya motsa, ƙafata ta ƙi zama ƙarƙashin tebur. Na sa Baƙuwa aika sabon shafin farko, aikin da zai ɗauki lokaci, na ce bari in je in dawo. Don kada buhun ya bushe kafin in dawo, na tsoma shi cikin bokiti na ɗora mata yadda yake, yana ɗiga. Na fita. A tasha muka sha shayi, Adamu yana ba ni labarin teku da gadoji, ina ta dariya.

Madam Alisabatu kaɗai ke kusa lokacin fitar rai. Ta ce tana cikin waƙar kiran Yamai sai waƙar ta yanke, aka ce "tas", sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ko da ta shigo, wari ya cika ɗakin, hayaƙi siriri yana fita ta ƙarƙashin buhun. Ta zare waya daga bango da tsintsiya. Da na dawo na tarar da ita zaune a kujerata, ta tashi ta ba ni wuri. Mai gyaran rediyo na kasuwa ya zo ya buɗe cikin marigayiya, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali ya ce mu yi haƙuri.

Ta rasu ta bar gilashin kallo, wanda lafiyarsa lau amma ba shi da abin nunawa. Ta bar allon haruffa, da ɗan ɓeran da ake ja a kan tebur, da akwatin kiran waya wanda ba zai ƙara waƙa ba sai an samo masa wata uwa. Ta bar injin buga takarda, ɗan riƙon da bai taɓa jin maganarta ba tun tana da rai. Ta bar kwalin disket, wanda rabinsa fanko ne saboda ni. Abin da ta tafi da shi ya fi abin da ta bari: rahotannin da ba a kai ga aikawa ba, da hotunan tsofaffin Tebaram riƙe da zangarniyar irin hatsinsu na gado, biyu daga cikinsu kuma sun riga ta tafiya. A Yamai ta bar shafukan da ta riga ta aika, marayu, ba mai gyara su. Ma'aikacin can ya bugo waya ya ce shafin farko ya tsaya a rabi: hoton Mushe Attahir ya sauka daga hula zuwa idanu, daga nan sai toka. Haka duniya ke ganinsa tun ranar Laraba.

Cikin waɗanda ta bari, wanda ya fi kowa shiga uku shi ne Mushe. Jami'a za ta turo manzo ranar Litinin ya binciki yadda kayan gwamnati ya ƙone. Sunan Mushe ne a takardar karɓa. Idan laifin ya zauna a kansa za a sauke shi daga shugabancin cibiya, saura masa kaɗan ya yi ritaya, kuma gidansa cike yake da 'ya'ya da jikoki. Ya dawo daga Tebaram ranar Juma'a, ya shiga ɗakin, ya daɗe tsaye gaban gawa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ya sa na rufe ƙofa, ya zauna a gefen tebur.

Ya ce, "An ce Adamu na komawa Abijan ran Lahadi."

Na ce, "Haka ne, Mushe."

Ya ce, "Bi shi. Tahi abinka. Ni zan ce ni na ɗora buhun kahin in tahi daji."

Na ce, "Ai kai ka hana ni."

Ya ce, "Wa ya ji? Ni tsoho na, iyaka su amshe kujera. Kai ba ka da takarda ko ɗaya, in suka so sai su miƙa ka komisariya hannun 'yan sanda su ce ɓarna ka yi da gangan. Mi zan ce ma Safi? Ni na kawo ka ɗakin ga."

Gaskiya ita ce raina ya so. Na je wajen Adamu har ya kama mini wuri kusa da taga. Duk inda na taɓa zama, da abu ya ɓaci tashi nake, ban taɓa tsayawa na ga ƙarshen ɓarnata ba. Na dawo gida na tarar da Inna Safi ta kwance buhunan bidunanta duka ta tara a gefe, tana sayar da ruwan ɗumi, wai ba ta son ganinsu. Na zauna na ɗinke mata su ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗinki ina tunanin mutumin da ya faɗa mini kalmar sirrinsa a kunne, yana tsaye gaban manzon jami'a, yaron da wataƙila aka haifa bayan ya fara aiki, yana rantsuwa cewa shi, da iliminsa da furfurarsa, ya zuba wa ordinater ruwa.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Gawa tana nan a ɗakinta, a kan teburinta, an rufe ta da farin ƙyallen da Madam Alisabatu ta kawo daga gida, busasshe. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi mata wanda ya isa. Ana karɓar gaisuwa daga safe zuwa azahar, yau da gobe. Masu zuwa su yi wa Mushe Attahir gaisuwar wanda aka yi wa rashi, kada kowa ya yi masa kallon mai hannu a ciki: yana Tebaram, kuma kafin ya tafi ya hana. Manoman da hotunansu suka salwanta, ina neman gafararku, kuma idan an bar ni da ƙafafuna zan bi ku gari gari a sake ɗauka. Iyalan tsofaffi biyun nan da suka rasu kuwa ba ni da abin da zan mayar musu, zan dai je in durƙusa.

Adamu, ka ba wani wurin nan na kusa da taga.

Mushe, na san da ka ga wannan takarda za ka yage ta. Madam ta buga ta da tsohon keken rubutu, da kwafi, ɗaya tana cikin ambulan da za a miƙa wa manzo a bakin ƙofa. Ka yi haƙuri, karo na biyu ke nan da na ƙi jin maganarka.

Za a fitar da gawa ranar Litinin da hantsi, da zarar motar jami'a ta iso, a kai ta Yamai inda za a ajiye ta tare da 'yan'uwanta a ɗakin tarkace. Ba a buƙatar masu ɗauka. Ni zan ɗauke ta daga tebur har mota, kuma idan manzo ya tambayi wanda ya kashe ta, ina roƙon kada kowa ya riga ni magana.

Ciɗo, Bilbis, Tawa.